Rigar Mai Baƙin Zare

Shekara uku ina wanke rigunan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Pantami, saboda jikana yana cikinta. Ɗan benci ne, ba a cika sa shi a fili ba, amma bai taɓa fashin atisaye ba. Ni ban san lamba ba, da ɗinkin baƙin zaren da na yi mata a hammata nake gane rigarsa.

Ana nan, wata rana bayan la'asar ina shanya, sai na ji 'yan majalisar ƙofar gida suna gardama ta bayan katanga.

Wani ya ce, "A rage 'yan benci, ɗumama katako kawai suke yi."

Wani ya ce, "Jikan Inna fa?"

Sai kocinsu, wanda yake shan kununa kullum, ya ce, "Shi tun jiya na cire shi. Kada dai tsohuwa ta ji sai riguna sun bushe."

Suka yi dariya. Ni kuwa na sauke rigunan a jiƙe, na tula musu a zaure. Mai baƙin zaren kaɗai na bari a igiya. Da ta bushe na ninke ta, na sa a adakata. Tana nan har yau.