Haula mai haɗa ƙyallaye

Haula mutuniyar Takanamat ce, aure ya kawo ta Tawa. Mijinta ya rasu tun ɗansu Abdurazak yana goye, ta rene shi da allura da zare. Takan bi teloli a kasuwa ta kwashe ƙyallayen da suka zubar, ta wanke, ta haɗa su abin rufa. Wurin da take jin daɗin aikin shi ne zaɓen launi. Sai ta baje ƙyallaye bisa tabarma, ta kai ja kusa da shuɗi, ta ɗauke, ta mayar, har tuwo ya kama a tukunya ba ta sani ba.

Wata rana maƙwabciyarta Mariama ta shigo da ƙulli. Mijinta ya mutu cikin sahara a hanyar Libiya, an raba tufafinsa masu kyau, saura tsofaffin da babu mai so.

"Ki haɗa ma yara abin rufa da su," in ji Mariama. "Ban iya yar da su."

Haula ta karɓa. Kafin a haɗa sai an warware ɗinkin kowace riga da reza, a fidda aljihu, a yanke wuyan da datti ya cinye. Warin zufa da taba bai fita ko an wanke. A aljihu guda ta tarar da ɓarin goro ya bushe. Ranar ba ta ci abinci ba.

Abin rufan ya yi kyau, labari ya bazu. Mata suka riƙa zuwa daga Bambeye da Kalfu da ƙullin tufafin mazansu da ƴaƴansu da suka tafi biɗar kuɗi ba su dawo ba. Haula ba ta iya cewa a'a ga mai takaba. Amma hannunta ya yi nauyi. Aikin mako ya koma na wata. Ta daina zuwa wurin teloli, ta daina baje launi, duk ƙyallen da ya zo hannu sai ta ɗinka. Daga baya ta kafa sharaɗi: kowa ta warware kayanta a gida, ta kawo mata a shimfiɗe. Hakan ya ɗan rage mata nauyin aikin, ba sosai ba.

A lokacin Abdurazak ma yana Libiya. Da farko yana kira, daga baya salularsa ta daina shiga. Damina ta wuce, wata ta biyo. Matarsa Fa'iza ta yi haƙuri har iyayenta suka aiko ta koma Kalfu da ɗiyarta. Da safen da za ta tafi, ta aje ƙulli gaban Haula.

"Mi ke ciki?"

"Rigunanshi ne, Inna. Yarinyar ba ta san shi ba. Na ce ko ta samu abin da za ta rufa da shi."

"Wa ya ce miki ya mutu?"

"Ba kowa."

"To, ki bari ya zo ya ba ni da hannunshi."

Fa'iza ta miƙe. Ta ɗauki ɗiyarta ta fita, ta bar ƙullin. Haula ta cusa shi saman rufin ɗaki, ta mayar wa mata kayansu da ba ta gama ba, ta ba su haƙuri.

Yanzu tana zama gefen masu albasa a kasuwa, tana ɗinke bakin buhu da basilla. In an tambaye ta abin rufa, sai ta ce ido ya raunana, alhali tana zura zare ba tare da taimako ba.

Bana da aka tashi gyaran rufin ɗakin aka sauko da ƙullin. Gara ta shiga ta cinye kusan duka, maɓallai kawai suka rage da ɗan wuyan riga. Magini ya ce zai zubar. Haula ta ce ya bari, ta ɗauko tsintsiya ta share da kanta.