Yadda Na Sayar wa Iyaye Biyar Ƙwallo Ɗaya

Ba zan faɗi sunana ba, mutanen kasuwar Jimeta za su gane ni tun kafin su kai tsakiya. Fatauci ya kawo kakana daga Kano, ubana tela ne a Luggere, ni kuwa na bar boko a aji uku saboda ni da malamin lissafi mun kasa jituwa. Na taso ina sayar da kaset. Kaset ya mutu na koma faifai, faifai ya mutu na samo tsohuwar kwamfuta ina tura wa mutane waƙoƙi, ina cajin waya da ɗan janareta. Shekaru ina cin gumin mawaƙa, ba wanda ya taɓa ce mini ɓarawo. Kawu ake ce mini, har sahun gaba nake samu a masallaci.

A lokacin da rikici ya koro mutanen Mubi da Michika zuwa Yola, wani mutum ya zo rumfata da silifas wari daban-daban. Sunansa Yakubu, malamin zane ne a firamaren garinsu. Gida ya ƙone, makaranta ta ƙone, abin da ya fito da shi waya ce guda. Kullum yakan kawo ta caji, ya ce, "Kawu, ka kula mini da ita, ita ce gonata."

A waɗancan shekarun mutane sun tsorata da gidajen kallon ƙwallo saboda hare-haren bam, iyaye sun hana 'ya'yansu shiga. Sai gasar unguwanni ta samu kasuwa. Duk yamma Yakubu zai hau saman tankin ruwa a gefen filin Luggere ya ɗauki wasa. Ya koma ya zauna ya tsinto inda aka ci ƙwallo, ya rage gudun hoton har ka ga ƙura na tashi a ƙarƙashin takalmi. Ya zana ɗan wasa da wuta a bayansa, wanda da safe kifi yake sayarwa, ka rantse daga Turai aka kawo shi. A ƙasan kowane aiki, can kusurwa, yakan sa ɗan ƙaramin sunansa.

Na taɓa ce masa ya bar wahala, ya yanko wasannin Turai daga talabijin ya manna sunansa. Ya ce wannan yana da masu shi, kuma ko na unguwa sai ya nemi izinin koci yake ɗauka. Na dube shi na ce a raina, ga mai ilimi ga wauta.

Ranar farko bidiyo ɗaya kawai na kwafa daga wayarsa tana caji, wai don in kalla. Washegari wani ya zo tura waƙa na ƙara masa da shi. Kafin mako ya zagayo, mutane sun fi tambayar ƙwallo a kan waƙa. Wani ya ce, "Kawu, wa yake haɗa waɗannan?" Bakina ya riga hankalina, na ce, "Wa kake gani a zaune?" A ranar na koyi abu ɗaya tak a harkar, wato yanke gindin hoto. Ni da ko wasiƙa sai an karanta mini, na zama gwanin haɗa bidiyo.

Yakubu ya gani a wayar wani. Ya zo ya tsaya, ko zama bai yi ba.

"Kawu, ban ce ka biya ni ba. Ka bar sunana a wurin."

Na ce, "Kai ka ci ƙwallon? Fili na gwamnati, ƙafa ta masu ita, rana ta Allah. Mene ne naka a ciki?"

Ya ce, "Kwana uku na yi a kan wannan guda ɗayan."

Na ce, "To ni minti ɗaya na yi. Wa ya fi wani iya aiki?"

Mutanen rumfa suka fashe da dariya, ni ma na yi. Wannan dariyar tana cikin abubuwan da suka fi ba ni haushi yau. Mutum shida, manya da gemu, ba wanda ya ce mini in ji tsoron Allah. Yakubu ya zare wayarsa daga caji, bai sake kawowa ba. Amma yana saka aikinsa a shafinsa na intanet, daga can na ci gaba da kwasa.

Sai wata hanya ta buɗe. Kowane uba ya ji cewa idan aka tura bidiyon yaro ga manyan ƙungiyoyi, ana iya kiransa gwaji. Akwai wata ƙwallo da wani Hammadu ya ci, ya juya baya ya tashi sama ya narka ta a raga. Daga saman tanki kuwa fuska ba ta fita, rigar ɗorawa kawai ake gani tana shawagi. Wani Alhaji daga Karewa ya zo ya ce su ɗansa ma ɗorawa suke sawa. Ya rage murya ya ce, "Malam, ba za a iya cewa shi ne ba?" Na ce me zai hana. Na yanke gindin, shi da hannunsa ya rubuta sunan ɗan. Bayansa wasu huɗu suka biyo. Ƙwallo ɗaya, iyaye biyar, kowa na shafa gemu yana cewa ɗansa ya gaji kakansa.

Ban sani ba ashe wata ƙungiya a Jos tana neman mai ɗaukar mata hoto, Yakubu kuma ya nema. Abin da ya fi alfahari da shi ya tura, wato ƙwallon Hammadu. Su kuwa sun riga sun ga wannan ƙwallo sau biyar da suna biyar. Suka ce ga uban masu haɗa ƙaryar ya kawo kansa. Aka baza sunansa a zauren waya na masu horar da 'yan wasa, aka ce kada a yarda da shi.

Ina filin Luggere ranar da aka sauko da shi daga tankin. Wani koci yana jan ƙafar wandonsa yana cewa, "Sauko, macuci! Mun ba ka wurin zama, ka zo kana sayar da 'ya'yanmu." Yakubu yana rantsuwa, yana waige-waige ko zai ga mai shaidarsa. Idonsa ya faɗo kaina. Na sunkuyar da kai na ci gaba da ɓare gyaɗata.

Abin da ya tona ni ɗan Alhajin Karewa ne. An kira shi gwaji, aka ce ya maimaita abin da ya yi a bidiyo. Ya juya baya, ya tashi, ya dawo ƙasa da kafaɗa, ƙwallo tana can tana kallonsa. Alhaji ya dawo ya kawo mini 'yan sanda, wai na damfare shi. Shi! Mutumin da ya rubuta sunan da yatsansa. Sauran huɗun ma suka taso, kowa ya zama abin tausayi.

A kotu na yi taurin kai. An kira Yakubu shaida, ni kuwa na dage ni na ɗauki bidiyon, shi ya sata. Alƙali ya ce, "Baba, a ina ka tsaya ka ɗauka?" Na ce, "Saman tanki, ranka ya daɗe." Ya dubi tumbina, ya dubi gwiwoyina. Ya sa aka kunna na wayar Yakubu, wanda ba a yanke ba. Ana zuwa tsakiya ya ce a tsayar.

"Baba, wannan mai jar hular da ke zaune a benci, can ƙasan hoton, yana shan rake, wane ne?"

Na matsa na duba. Ni ne. Har da ɓawon raken a cinyata. Sau nawa na yanke wurin nan, ban taɓa tsayawa na kalli abin da nake yankewa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana kama da ni."

Har ɗan sandan da ke riƙe da ni sai da ya juya baya yana ƙunshe dariya.

Aka yanke mini zaman gidan yari. A can ma ban samu mutunci ba. Masu satar shanu suna zaune a gefe da girmansu, ni kuwa aka sa mini suna Ɓarawon Raga. Wani ya ce, "Kawu, abin da ka sata ana iya dafa shi?" Da farko ni ma haka nake gani, ai hoto ne, ban fasa shagon kowa ba. Sai da zama ya yi zama na gane cewa masu bindiga sun raba mutumin nan da gida da aiki, sun bar masa suna, ni kuma na zo na ƙarasa da yatsa ɗaya.

Da na fito na neme shi. Aikin Jos an daɗe da bai wa wani. Na same shi yana tuƙa keke mai ƙafa uku tsakanin Jimeta da Yola. Na tare shi, na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Kawu, kotu ta wanke ni, amma mutum nawa ne suka je kotun? Waɗanda suka ji ƙaryar ba su ji gaskiyar ba. Ka je ka gaya musu da bakinka."

Na je. Luggere, Karewa, Ajiya, har cikin Yola, fili-fili, a ƙafa. In tsaya gaban koci da 'yan wasansa, sa'annin jikokina, in ce ni ne ɓarawon, Yakubu ba ruwansa. Wasu suka yi dariya. Wanda ya ja masa wando ya ce, "To ai ya wuce." Na ce bai wuce ba, sai ka kira shi. Sau huɗu ina komawa kafin ya kira, don ya rabu da ni.

Yanzu Yakubu ya dawo ɗaukar wasa ranar Asabar kawai, sauran kwanaki yana kan keke. Sunansa kuwa a tsakiyar hoto yake dasa shi, ƙato, wani lokaci har ya rufe ƙwallon. Ina jin ku matasa kuna ƙorafi wai ya ɓata aiki. Kada ku zage shi, ku zo rumfata ku zage ni.

Kuma ku da kuke yanke sunan mutane kuna manna naku, kuna cewa ai a intanet kuka tsinta, ku saurara. Ba a tsintar abin da wani ya sha rana a kansa. Idan ya burge ka, tura shi yadda ka gan shi. Idan za ka ci abinci da shi, nemi mai shi ka tambaya, in ya ce a'a ka haƙura. Ni na yi zamana na fito, ga ni ina shan shayi. Shi har yau akwai filayen da in ya ɗaga waya sai an tambaye shi wa ya aiko shi.