Shimfiɗar da Na Aika wa Jirgin Baba

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ku yi mini uzuri, ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na ƙauyenmu ba.

Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne mai ji da kansa, ban daɗe da zuwa Riyad ba. Ina kwana a unguwar Shumaisi ɗaki ɗaya da wasu 'yan'uwa 'yan Nijar, ina aiki a wata warsha, wato wurin aikin hannu, a unguwar Sina'iyya. Aikinmu shi ne yi wa jiragen ruwa na shaƙatawa shimfiɗar ƙasa. Na san za ku ce jirgin ruwa kuma a Riyad, garin da ko kududdufi babu? Ni ma dariya na yi ranar farko. Masu hali ne ke ajiye jiragensu a gida, in hutu ya zo su ɗaura a bayan mota su ja zuwa teku can gabas. Abin da muke shimfiɗawa wata roba ce mai kauri, launinta da zanenta sak katakon nan mai tsada da ake kira tik, har da baƙaƙen layuka a tsakani. Ba ta ruɓewa, ba ta shan ruwa, ba ta santsi. Mu auna, mu yanka, mu shafa gam, mu danne. In mun gama, cikin jirgi sai ka ce ɗakin amarya.

Ni kuwa ɗan bakin ruwa ne. Mahaifina fito yake yi a kogin Kwara da jirginsa na katako, yana ƙetarar da mutane da kayansu. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya shiga jirgin nan da takalmi ba. Jirgin katako ba ya rabuwa da yoyo, shi ya sa kowace safiya yake bin cikinsa yana taka katakan ɗaya bayan ɗaya. Inda ya ji laushi ya tsaya, inda ya ga ruwa na tsattsafowa ya sa alama da gawayi, daga baya a jawo jirgi kan yashi a cusa tsumma a liƙe da kwalta. Da na fara aiki a kan jiragen Larabawa sai na Baba ya riƙa ba ni kunya. In na tuna baƙin katakon nan mai ƙarnin kifi, da yankakkiyar jarkar da ake kwarfe ruwa da ita, sai raina ya ɓaci.

A warsha kullum akwai ragowar yanka da ake zubarwa. Na roƙi mudir, wato manajan wurin, ya ce in kwashe, ai na rage masa shara. Na tara, na haɗa da gam, na kai wa masu kago, wato masu aika kaya gida, a unguwar Dira. Da kaya suka isa gida Baba ya ce shi bai ga amfanin sa wa jirgi tabarma ba. Na hau faɗa ta waya, na ce duniya ta ci gaba, shi kaɗai aka bari a baya. Inna ce ta lallashe shi, ta ce ba a mayar wa ɗa kyautarsa, balle wadda ta fito daga ƙasa mai tsarki. Ƙanina ne ya yi aikin, ina nuna masa ta bidiyo yadda zai shafa gam har lungu-lungu, kada ya bar ko kafa ɗaya. Wallahi na san shugaban aikinmu ba ya yarda a shimfiɗa robar nan sai a kan ƙasa busasshiya ƙarau, na kuma san jiragen da muke yi wa na faiba ne, wata roba mai tauri da ba ta ruɓewa, ba na katako ba. Duk na san wannan, amma ɗoki bai bar ni na haɗa shi da jirgin Baba ba.

Kai, jirgin ya yi kyau! Mata sukan ƙi shiga wasu jiragen su tsaya jiran na Baba, don zaninsu ba ya ɓaci. Ƙanina ya turo mini hoton Baba yana sallah a ciki. Na nuna wa duk wanda ke ɗakinmu, har suka gaji da ni.

Bayan damina ta zagayo, wata rana muna waya Baba ya ce akwai abin da ke damunsa. Ya ce tun da aka sa shimfiɗar nan ƙafarsa ta daina jin jirgin, kamar wanda aka sa wa takalmi dole. Ya ce ruwa na taruwa a gindin jirgi yana kwarfewa, amma ya rasa ta inda yake shigowa. Ya tambaye ni ko za a iya ɗagawa ya duba. Ni kuwa me zan yi in ba dariya ba. Na ce in aka ɗaga ta lalace ke nan, kuma sabo ne kawai ke damunsa, robar nan sai ta ga jikokinsa. Sai ya ce to, tunda ni ne na san aikin, Allah ya yi mini albarka. Maganar jirgi ta ƙarshe da muka yi da shi ke nan.

Ina durƙushe a kan wani jirgi da rana tsaka, hannuna duk gam, waya ta shigo. Ƙanina ne, yana kuka. Baba ya sauke fasinjoji a wancan ƙetaren, yana dawowa shi kaɗai, kogi ya cika ya batse, sai ƙasan jirgi ya buɗe a tsakiyar ruwa. Masunta sun hango daga nesa, kafin su iso ruwa ya tafi da shi. Mutumin da ya koya wa rabin yaran ƙauyen iyo! Washegari aka same shi, aka yi masa sutura ina nan Riyad ina bin kafil, wato ubangidan da ya kawo ni aiki, ya sa hannu a takardar fitata. Da aka jawo jirgin aka ɓare shimfiɗar, katakon da ke ƙarƙashi ya yi baƙi, yana marmashewa a hannu kamar jiƙaƙƙen burodi. Ita kuwa robar sabuwa fil.

Ba wanda ya ɗora mini laifi, kowa cewa yake kwana ne ya ƙare. Na yarda da ƙaddara, amma da na samu na je gida, sai na tarar Inna ta wanke wani yanki na robar ta shimfiɗa a ƙofar ɗakinta. Ta ce shi ne abu na ƙarshe da ƙafarsa ta taka, kuma har ya bar duniya yana faɗa wa fasinjoji ɗansa na Saudiyya ne ya aiko. Sai da na taka shi kafin na shiga na gaishe ta.

Na dawo aiki, don iƙamata, wato takardar izinin zamana, a kan warshar nan take. Tun daga nan ban ƙara samun sukuni ba. In an kashe injuna lokacin azahar, wurin ya yi tsit, sai in riƙa jin motsin ruwa a ƙarƙashin shimfiɗa, a garin da ba kogi. Nakan cire takalmi in bi jirgi ina takawa a hankali, abokan aiki suna tsokanata wai na zama mai duba. Sau da yawa na ɗaga gefen shimfiɗa kafin gam ya kama don in leƙa, shugaban aiki ya yi ta masifa. Ban taɓa ganin komai ba sai busasshiyar faiba.

Bara ƙanina ya samu aka sassaƙa masa sabon jirgi. Inna ta kira ni, ta ce in daure in aiko da irin waccan shimfiɗar, don jirgin ya yi kama da na mahaifinsa. Na ce mata zan duba. Na kira ƙanina na faɗa masa komai, har da tambayar da Baba ya yi mini da dariyar da na yi. Ya saurare ni har na gama. Can ya ce shi tun ranar da aka ɓare robar ya gane, kuma in tuna shi ne ya shafa gam ɗin da hannunsa. Ashe duk tsawon lokacin nan mu biyu muke ɗauke da abu ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa. Muka yi kuka, muka bar Inna a kan cewa kamfani ya daina ba da ragowa.

'Yan'uwana da ke ƙasar waje, na san zafin son a ga alamarmu a gida. Amma abin da ya yi kyau a nan an yi shi ne don kayan nan, ku tambayi wanda zai yi amfani da shi kafin ku aika. In kuma tsoho ya ce muku wani abu a sana'arsa bai kwanta masa ba, don Allah ku rufe baki ku saurara, ko da bai iya yi muku bayani ba. Baba bai roƙe ni komai ba sai izinin duba jirginsa, ni kuma na hana shi.

Ƙanina yana fito yanzu a kan katako zalla, ba takalmi. Yankin robar nan kuwa yana nan a ƙofar ɗakin Inna, kullum sai ta share shi, har yau ko kodewa bai yi ba. Ku sa Baba a addu'a.