Na ɗaure tamfol ɗina a motar sojoji

Jama'a, yau saura ƙiris in kwana a hannun sojoji saboda inuwa!

Kun san rumfar shayina a kasuwar Gidan Amumune. Ruwan sama ya ƙi zuwa, rana kamar wuta, tamfol ɗin ba ya isar mutane. Sai na ɗinka mashi tsofaffin buhuna, ya yi faɗi. Matsala ɗaya, babu sandar da zan ɗaure gefen.

Ina waigawa, ga motar sojoji a tsaye, ba kowa ciki. Na ɗaure igiyar a ƙarfen bayanta!

Maƙwabcina Baba Ilu mai goro ya ce, "Yaro, ni ban san ka ba daga yau."

Can sai ga babbansu, fuska a murtuke. Masu shan shayi suka watse!

Ya ce, "Wa ya ɗaure wannan?"

Na ce, "Shef, iska ce."

Ya dube ni, ya dubi igiyar. Ya ce, "Iskar garinku ba ta iya ƙulli ba."

Wallahi ya kwance, ya sake ɗaurewa tamau! Ya zauna bisa bencina, ya miƙe ƙafa, ya ƙwala wa direbansa kira: "Kashe motar nan, sai la'asar!"