Inda Mota Ta Kwana

Har gobe ban manta da ranar da Baba Mumuni ya sa aka yi mana dariya a tashar Yendi ba. Da ba don dariyar nan ba, da ban yi shekara talatin ina riƙe da sitiyari ba. Ku da kuke sayen mota don fentinta yana ƙyalli, ku matso ku ji.

Lokacin shekara guda ke nan da sallamo mu daga soja bayan yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu. Na fito da igiya biyu, wato koful, a rukunin direbobi, ina tafe ina jin duk Salaga babu wanda ya san mota kamata. Baba Mumuni abokin mahaifina ne, falken goro, jikan fatake. Shekara arba'in yana kora jakuna daga Salaga zuwa Bawku. Da motoci suka shigo, tafiyar da yake yi a kwana ashirin suka riƙa yin ta a uku, kafin goronsa ya isa kasuwa an riga an ƙoshi. Sai ya sayar da jakunansa goma sha shida, har da wani tsoho da yake kira Gambo, ya ɗaure kuɗin a ɗamara, ya aika aka kira ni.

"Koful, ga abin da na mallaka a duniya," in ji shi. "Ba ya sayen sabuwa, ko rabinta ma. Mutum goma sha tara ke ci a hannuna. In muka sayi gawa, ba ni da jakin da zan koma wa. Kai ne idona."

Na ce, "Baba, sha kuruminka."

A shekarun nan, motocin da soja suka gama da su ana gwanjonsu a kudu, dillalai su saya su shafa fenti su hauro da su arewa. Lori muke ce musu. Muka ji akwai ɗaya a Yendi, muka isa bayan azahar. Ina ganinta zuciyata ta tafi, don irin wadda na tuƙa a Bama ce sak. Na bi ƙa'idar da aka koya mana: na duba ruwan lagireto, na kwance fulogi na gani, na taka birki da kuloci. Sannan na zura handil, wato ƙarfen da ake murɗawa a gaba a ta da injin. Juyi ɗaya ta kama. Na zagaya da ita hanyar Tamale na dawo, na diro ina murmushi, na ce, "Baba, biya kawai."

Baba ya zagaya motar, hannuwa a baya. Ya dubi dillalin ya ce, "A ina ta kwana?"

Dillalin ya ce, "Baba, lori ne fa, ba jaki ba!"

Tasha ta ɗauki dariya. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja Baba gefe ina magana ƙasa-ƙasa, wai kada ya zubar mana da mutunci.

Ya ce, "Ɗana, ni ban san ƙarfe ba. Amma jakin da ka gani a kasuwa da azahar, an riga an ba shi dusa da kanwa, an goge masa jiki. Mai hankali turke yake zuwa da sassafe, ya ga kashinsa, ya ga yadda yake miƙewa daga kwance. Ban taɓa sayen abin da ban ga tashinsa ba."

Na bi shi ne don girman mahaifina, amma raina a ɓace. Washegari muna idar da sallar asuba muka nufi gidan dillalin, ba mu gaya wa kowa ba. Muka tarar da motar a bayan gida gindin mangwaro. An hura garwashi a kasko an tura ƙarƙashin injin don ya yi ɗumi, ƙarti biyu suna karɓa-karɓa da handil, gumi na zuba, ita ko tari ba ta yi ba. Baba ya sa sandarsa ya tone sabon yashin da aka barbaɗa a ƙarƙashinta, sai ga baƙin mai ya jiƙe ƙasa. Na zaro ƙarfen awon mai, wanda jiya ɗoki ya hana ni taɓawa, na ga man ya yi fari-fari kamar koko. Kun san ma'anarsa, ruwa na shiga mai, injin ya tsage. Ko garin Gushegu da ke nan gaba kaɗan ba za ta kai mu ba.

Baba ya gaishe da dillalin, ya tambayi iyali, muka juya.

Wani mai fataucin shanu ya ba mu labarin wata mota a Bawku. Kwana biyu muka yi a kan lodin doya kafin mu isa. Mai motar Salifu ne, ɗan ƙabilar Busanga, direba tun kafin yaƙi, yana jigilar albasa da gero. Ciwon nan da ake ɗauka a bakin kogi ya cinye masa ido, sai inuwa-inuwa yake gani, shi ya sa zai sayar. Da sassafe muka je, wannan karon ni na ce a yi haka. Motar ta girmi ta Yendi nesa ba kusa ba, fenti ya koɗe, amma tana cikin rumfar zana da ya yi mata, ƙasa a share, busasshiya ƙarau. Rabin juyi na yi wa handil ta kama.

Tun ba mu tambaya ba Salifu ya fara, da irin Hausarsu ta Bawku: "Mota nan, ba ni ɓoye muku komi. Giya biyu shina kuka, amma ba ciwo ne ba. Sifirin na baya na hagu, ni na ɗaure shi, ku canja kafin damina. In kun hau dutse na Gambaga, ku ba shi ruwa a sama, ku bar shi ya huta."

Baba, wanda ke iya yini yana ciniki a kan huhun goro ɗaya, bai taya ba. Ya faɗi abin da ke ɗamararsa gaba ɗaya. Ashe bai kai abin da wani mai hatsi ya riga ya taya ba.

"Mai hatsi nan zai loda masa har ya karya bayansa," in ji Salifu. "Ku, wa zai tuƙa?"

Baba ya ce, "Ɗana Isaka, koful ne."

"Soja?" Salifu ya ja numfashi. "Soja shina tuƙa abin da ba na ubansa ba. To, ka ɗauke ni mu je, in ji hannunka. In na ji daɗi, na karɓi kuɗi na Baba. In ban ji ba, ku yi haƙuri."

Mun zo duba mota, ga shi ni za a duba.

Muka kama hanyar Pusiga, Salifu a gefena. Irin waɗannan tsofaffin motoci, in za ka sauko daga giya uku zuwa biyu, sau biyu kake taka kuloci, ka ba ta 'yar wuta a tsakani. A hawa na farko na yi gaggawa, giya ta ce ƙarrr! Salifu ya runtse ido kamar na taka masa ƙafa. Na ce a raina shi ke nan, na kashe gidan mutum goma sha tara da hannuna. Sai na ji tafin hannunsa a kan nawa, bisa sandar giya.

"Kar ka tilasta shi. Koma ƙasa mu sake."

Muka sake. "Jira... saurara... yanzu." Giya ta shige sumul kamar hannu a aljihu. Sau huɗu muka hau tudun nan, a na huɗu ya janye hannunsa ya bar ni.

Da muka dawo ya ce, "Baba, ɗanka shina da gaggawa, amma shina jin magana. Kawo."

Kafin mu tashi ya bi motar yana shafawa, tun daga baya har gaba, sannan ya kifa goshinsa a kanta ya yi kuka, ƙaton mutum mai furfura. Baba ya kawar da fuska. Daga baya ya gaya mini shi ma haka ya yi ranar da aka ja Gambo. Ya kama hannun Salifu ya ce, "Malam Salifu, kada ka rushe rumfar nan. Duk zuwanmu Bawku a ƙofarka za ta sauka."

Haka kuwa aka yi har shekara shida. Motar ta ciyar da gidan Baba, ta aurar da 'ya'yansa uku, ba ta taɓa kwanar da mu a daji ba. Tun muna nesa Salifu kan gane ƙararta ya fito yana laluben bango, kafin in gaishe shi ya ce, "Koful, fambel ya saki." In duba, in tarar haka ne.

Zuwanmu na ƙarshe Salifu yana kwance, ba ya iya fitowa. Matarsa ta ce ya roƙi in matsa da motar jikin katangar ɗakinsa, kada in kashe. Na bar ta tana aiki, na tsaya a waje hawaye na zubo mini. Can matar ta fito ta ce, "Ya ce a gaya maka an riƙe amana." Bai kai wata ba ya rasu.

To, abin da na koya ke nan, kuma ba a barikin soja na koya ba. Tsohuwar mota halin mai ita take ɗauka. In kuɗinku kaɗan ne, ku nemi mutumin da rabuwa da motarsa ke yi masa ciwo, don shi zai gaya muku aibinta da bakinsa. In kuwa ya yarda ya ba ku, ku sani ba ƙarfe kawai ya danƙa muku ba, ku riƙa komawa kuna gaishe shi.