Katunan Yaya Gwadabe a Cikin Leda

Yaya Gwadabe bai taɓa cin tuwona a zaune ba. Ni ce ƙanwarsa Tani, mai tuwon sayarwa a Hindawiyya. Tun da muka zo umra muka maƙale a Jidda, a tsaye yake haɗiye loma, wai sauri yake. Saurin zuwa ina? Oho.

Ya yi wa wani Ba'amurke direba a unguwar Abhur. Da mutumin zai koma ƙasarsu, a shekarun tamanin, sai ya bar masa kwalin takalmi cike da tsofaffin katuna masu hoton 'yan wasan besbol, ƙwallon nan da suke duka da kulki. Ya ce a can akwai masu tara su, kuma suna tsufa suna ƙara daraja. Shi ke nan fa, ya ɗaura wa yayana aure da kwali.

Burinsa ɗaya ne a duniya: ya koma Kano da tikitin da ya saya da hannunsa, ba a tasa ƙeyarsa ba. Katunan nan su ne tikitin. Duk shekara in na ce, "Yaya, ka sayar mana!" sai ya ce, "Bari su ƙara nuna." Sai ka ce mangwaro.

Ana nan gumin Jidda ya fara lanƙwasa su. Mu kuwa a nan, duk takarda mai daraja, iƙama ce, wato izinin zama, ko lasin, shagon taglif ake kai ta a manne ta cikin leda da zafi. Haka ya riƙa kai su kaɗan-kaɗan, har yana sa a datse gefen da ya tauye. Wallahi ni ma na yaba, don sun yi ƙyalli.

Da gwiwa ta hana shi tuƙi, ya yi ta cigiya har aka haɗa shi da wani Bature mai tara irinsu. Na raka shi. Baturen ya yi ta juya su, yana bayani da guntun Larabcinsa. Ya ce kusan duka gama-gari ne, an buga su birjik, ko shayi ba za su saya ba. Sai ya tsaya kan guda ɗaya, ya daɗe yana kallo. Wannan kam, in ji shi, da ya kai mutum gida har da tsaraba. Amma leda ta kama shi, ga gefe an yanke. Halas, wato darajarsa ta tafi ke nan.

Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga. Yaya kuwa ya tattara katunansa muka fito.

Bayan kwana biyu ya zo da 'yar jakarsa, ya ce in yafe masa, ƙarƙashin gada za shi. Can ne marasa takarda ke zama su jira a kwashe su a mayar da su gida kyauta. Na riƙe rigarsa ina kuka. Ya ɓamɓare hannuna a hankali.

"Tani," ya ce, "duk wanda ya tambaye ki, ki ce ni na sayi tikitina."