Ruwan Sama a Cikin Faifai

A shekarar da damina ta ƙi zuwa, maigidana ya dawo daga Faransa da wani babban kwali. Ma'aikatarsu ce ta tura shi istaj, wato ƙaro ilimi na ƴan watanni, ni kuwa ya bar ni a Yamai da yara, ina koyarwa a lakwal, makarantar bokon unguwarmu ta Bukoki. Kafin ya tafi abu guda na roƙe shi, keken ɗinki. Da na ga ƙarti biyu suna nishi wajen sauke kwalin daga taksi, har na zaɓi kusurwar ɗakin da zan ajiye shi.

Da ya yage kwalin sai ga wani shimfiɗaɗɗen akwati mai launin azurfa, ba allura, ba abin takawa.

Na ce, "Baban yara, wannan fa?"

Ya ce, "Madam, gobe ce kike gani da idonki."

Ya zaro wani faifai daga jaka, faɗinsa kamar wanda muke rufe ƙwarya da shi, yana walƙiya har na ga fuskata a ciki, ba kuwa fuskar mai murna ba ce. Ya yi mini bayani cewa sinima ce a ciki, hoto da magana. Ba allura ke karanta shi ba kamar na garmaho, haske ne. Kaset ya gama yayi, in ji shi, Turawa ma sun fara zubar da nasu. Na tambaye shi sinima nawa ya sayo. Ya ce ai kuɗin sun ƙare a kan akwatin, wannan ɗin ma kyauta mai kanti ya ba shi, amma ya tabbatar masa kafin shekara ta zagayo faifan za su cika Afirka.

Abin da ke cikin faifan kyautar, tallar motocin gobe ne. Akwai wadda ƙofofinta ke ɗagawa sama kamar fikafikan angulu. Akwai wadda ke magana da muryar mace, tana gaya wa direba bai rufe ƙofa ba. Akwai wadda ba ta shan isansi, wato fetur, sai hasken rana; wannan ita ta fi burge maigidana, ya ce in ta iso Nijar mu ne za mu zama Larabawan duniya, tunda rana dai ba a fi mu ba. Shi kuwa a lokacin tsohuwar mobilet gare shi, ƴar babur ɗin nan, wadda sai yara sun tura take tashi. Akwatin bai jitu da telenmu ba, saboda haka duk launi ya ɓace, komai ya fito toka-toka. Shi da ya gani a kantin Faransa sai ya tsaya gefe yana gaya mana: "Wannan ja ce. Wannan shuɗiya, irin shuɗin da ba ku taɓa gani ba."

Ya bi ƴan kasuwar da gobara ta kora daga Babbar Kasuwa, rumfa rumfa, da Hausa da Zabarmanci, yana neman faifai na biyu. Wasu suka miƙo masa kaset, wasu faifan garmaho. Wata tsohuwa ta kawo masa na kaba, saƙar hannu, ta ce in ya ɗauki uku za ta yi masa ragi.

Ya sayi abin nan ne don a gani, ni na san shi. Amma a kwanakin nan soja ke mulki, kuma shugaban ba ya wasa da ma'aikatan gwamnati. Ana cewa yakan faɗo biro, wato ofis, da sassafe ba sanarwa, ya zauna a kujerar wanda ya makara. Ma'aikacin da aka ga ya mallaki abin da ya fi ƙarfin albashinsa, sai an kira shi ya faɗi inda ya samo. Kowa na zargin kowa da kai rahoto: mai shayi, mai wanki, har abokin darar mutum. Wani abokin aikin maigidana ya ja shi gefe ya ce, talakawa na cin tafasa da dusa, kai kuma a ji kana da sinima a ɗaka? Tun ranar nan maigidana ya sa na rufe akwatin da zanen tebur, na ɗora tukunyar furen roba a kai. In za mu kalla, sai a rufe ƙofa da tagogi, a rage murya, mu zauna cikin zufa muna kallon gobe kamar ɓarayi.

Ana haka surukina ya iso daga ƙauyenmu na wajen Dogon Dutsi, a bayan kamyo, babbar motar kaya, da ƙanwarsa da ƴan ƙullin kaya. Gero bai ko kai gwiwa ba ya bushe. Shanunsa, waɗanda ya san kowace da uwarta da kakarta, wasu sun faɗi a hanyar neman ciyawa, sauran ya bayar da su a kuɗin da bai taɓa yarda ya faɗa mana ba. Mutum ne da na sani da faɗa da barkwanci, amma a gidanmu sai ya zama kamar turmi. Ya shimfiɗa tabarma gindin itacen bedi a tsakar gida, yana bin inuwa tana bin sa. In na kai masa tuwon jar dawar nan ta taimako, sai ya gutsura sau biyu ya ture.

"Baba, ka ƙara mana."

"Na ƙoshi, ɗiyata. Ba yara."

Maigidana ya gargaɗe ni kada tsoho ya san da akwatin. Wannan kuma ba tsoron soja ba ne, kunya ce. Bai san da bakin da zai gaya wa ubansa abin da ya ɗauko daga ƙasar Turawa ba, a shekarar da garke ya ƙare.

Ranar Alhamis ba mu da lakwal. Wata Alhamis da hantsi, maigida yana biro, na leƙa na ga tsohon yana zaune ya ƙura wa bango ido, ƙuda na bisa leɓensa bai ko kore shi ba. Abin ya tsorata ni. Na ce masa ya shigo ɗaki ya sha iskar bantilate, wato fanka, tunda akwai kuran, ba a ɗauke wuta ba. Da ƙyar ya taso. Ban san me zan yi masa ba, ni ba ɗiyar cikinsa ba balle in ja shi da hira, sai kawai na sauke furen roba na kunna.

Motar fikafikai ta wuce, bai motsa ba. Mai magana ta yi maganarta, ko a jikinsa. Sai aka zo kan wata wadda ke gane saukar ruwa da kanta: ɗigo na taɓa gilashi, sandunan shara su tashi ba wanda ya taɓa su. Don a nuna haka, an ɗauki motar tana tafe cikin ruwan sama mai ƙarfi, a wata hanyar karkara, ruwa na gudu a gefen kwalta.

Tsoho ya gyara zama. Da wurin ya wuce ya ce, "Ina ruwan ya tafi?"

Na ce, "Ya wuce, Baba."

"Ba ya dawowa?"

To, abin da maigidana ya fi taƙama da shi ke nan a kan kaset: latsawa guda, ka koma inda kake so, ko ka tsayar da hoto cak ba ya rawa. Na mayar. Na sake mayarwa. A karo na gaba ya ɗaga hannu ya ce in tsaya nan. A bayan motar, can gefen hoton inda ni ban taɓa kai ido ba, ashe akwai shanu a tsaye cikin ciyawa har ƙirji.

Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin tele. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Waɗannan ba su da tozo. Ƙahon ma babu. Wa ya yi musu haka?" Na ce haka Allah ya yi nasu. Ya ce ta tsakiyar nan ciki gare ta, ta kusa. Ya ce wane irin sakarai ne zai bar dukiya haka cikin ruwa ba makiyayi. Ya yi ta faɗa da makiyayin da ba ya nan, har muryarsa ta dā ta dawo. Ran nan ya cinye tuwonsa, ya ce miyar ba gishiri.

Da maigidana ya dawo da azahar ya tarar da ubansa gaban tele, sai ya tsaya bakin ƙofa da jakarsa a hannu, ya kalle ni, na kalli ƙasa. Tsoho bai tambaye shi nawa ya saya ba, bai taɓa tambaya ba har ya bar duniya. Cewa kawai ya yi, "Kai da ka je, ciyawar nan wane launi ce?"

Maigidana ya ce, "Kore, Baba."

"Kore sosai?"

"Shar."

Washegari tsoho ya ɗauki sandarsa ya fita, karon farko tun zuwansa. A bayan Banifandu, bakin gari, mutanen da fari ya koro sun kafa bukkokin tabarma da kwali, akwai ƴan yankinmu a ciki. Ya dawo da tsofaffi uku. Kwana biyu bayan haka suka zama fiye da yadda kujerunmu za su ɗauka. Har Fulani da Buzaye, har wani Bazabarme da ba ya jin Hausa, shi ma ya zo da musunsa a kan ko saniyar tsakiya ciki gare ta ko ƙoshi ne. Ba mai kallon mota. Da ta shigo tsakiyar hoto sai su karkata kai, kamar wani ya tsaya musu a gaba a filin kokawa. Ba yadda za a rufe tagogi da wannan taro, kuma ba yadda ɗa zai kori baƙin ubansa. Takalma suka cika ƙofar ɗaki. Unguwa duka ta ji cewa gidan Mushe, yadda suke kiran maigidana ke nan, ana nuna ruwan sama.

Maigidana ya rame. Duk motar da ta tsaya a layinmu sai ya miƙe. Ya gaya mini inda zan kai yara in an tafi da shi, da wanda zan nema a dangi.

A ƙarshen layinmu akwai wani ajidan na jandarma, dogo, marar fara'a, wanda in ya wuce masu hira kan sauya zance su koma kan tsadar goro. Wata Asabar da la'asar ya yi sallama a ƙofarmu, da kakinsa da hularsa. Maigidana ya fita yana ɓalla maɓallin riga a ramin da ba nasa ba.

Ajidan ya ce, "Mushe, an ce kana da wani abu a gidan nan."

"E, ranka ya daɗe, amma da guzurina na istaj na saya, ko abincin rana ban riƙa ci ba…"

"Nuna mini."

Tsofaffi suka matsa masa, ya zauna a tsakiyarsu, ya ɗora hula a gwiwa. Ya kalli faifan daga farko har ƙarshe, shi kaɗai ne baƙon da ya taɓa kallon motocin. Da aka gama ya ce a sa masa wani.

Maigidana ya ce, "Shi ke nan, guda ne."

"Na Indiya fa? Ko na karate?"

"Ba su iso ba tukuna."

"To yana ɗaukar kokawa in an nuna a tele, mutum ya kalla daga baya?"

"A'a, shi ba ya ɗauka. Nunawa kawai yake yi."

"Launin fa?"

"Akwai shi a ciki. Fitowa ne ba ya yi."

Ajidan ya dubi akwatin, ya dubi mobilet da ke jingine a tsakar gida, ya dubi maigidana. Ban taɓa zaton fuskar nan ta san tausayi ba sai ran nan. Ya miƙe ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Mushe, sun cuce ka. Allah ya mayar maka da alheri." A bakin ƙofa ya juyo ya ƙara da cewa, ya kwantar da hankalinsa, wanda ya ci kuɗin gwamnati ba irin wannan yake saye ba. Sannan ya roƙi alfarma a bar kawunsa, wanda shi ma fari ya koro daga Zarmaganda, ya riƙa zuwa kallo.

Na ɗauka maigidana zai yi sadaka don murna. Ina! Ya shiga ɗaki ya kwanta ya juya wa duniya baya. Da na kai masa ruwa ya ce, "Kin ji abin da ya ce? Wai sun cuce ni. Mutumin da ko jirgi bai taɓa hawa ba!" Ya yi kwanaki yana maimaita wannan. Ina jin da an tafi da shi an tsare shi mako guda a matsayin mutum mai dukiyar da ta tayar wa gwamnati hankali, da ya fi samun sauƙi a ransa.

Daminar da ta biyo baya ta yi kyau. Tun saukar fari bukkokin bakin gari suka fara raguwa, takalman ƙofarmu ma haka. Surukina ya ƙi jira ko kwana biyu. Muka haɗa masa iri da ɗan abin da ya samu, muka raka shi tasha shi da ƙanwarsa. Yana cikin kamyo ya leƙo ya ce da ni, "Ɗiyata, ki riƙa sa wa mijinki gishiri a miya, ya rame."

Bai sake tara shanu ba. Da awaki biyu ya fara, kuma ya rayu har ya ga sun zama garken da ke shiga gonar maƙwabta ana kawo masa ƙara. Akwatin kuwa wata rana kuran ya zo da ƙarfi, ya yi ƙauri ya mutu. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya buɗe cikinsa, ya kira maƙwabtansa suka taya shi kallo, ya ce a bar masa sai ya yi nazari. Muka bar Bukoki yana kan nazarin.

Ajidan ya yi ritaya ya buɗe kantin sayar da siminti, ya zama mutum mai yawan dariya. Yakan aiko mana da naman layya kowace shekara. Maigidana yakan ci, amma bai taɓa cewa ya yi daɗi ba.